Kayan tace gahawa da hannu: a kan wanne ya kamata kuɗi su fi tafiya?

Sabon_Shiga

Assalamu alaikum. Ina so in fara haɗa gahawa ta hanyar tsiyaya ruwan zafi a kan gari cikin mazurari mai takarda, amma kayan sun yi mini yawa. Akwai mazurarin kansa, na roba da na tangaran da na gilashi, akwai buta mai dogon wuya, akwai sikeli, akwai injin niƙa. Kowanne kuma akwai na araha, akwai wanda ya ninka shi sau biyar ko fiye. Ba zan iya sayen mai tsada a kowanne ba. Kofi ɗaya ko biyu nake sha a rana. Don Allah masu sani su faɗa mini inda tsada take da amfani a baki, da inda kyan gani kawai ake saya.

Mai_Niƙa

Wa alaikumus salam, Malam. Idan za ka kasa kuɗinka, ka ba injin niƙa rabi ko fiye da haka, sauran kayan su raba ragowar. Ga dalili.

Ruwa yana janyo ɗanɗano daga kowace ƙwayar gari gwargwadon girmanta. Ƙaramar ƙwaya tana sakin abin da ke cikinta da wuri, har ta kai ga sakin ɗaci da bauri. Babba kuwa ruwa bai gama shiga cikinta ba an gama tacewa, sai ta ba da tsami. Idan garinka ya haɗa ƙura da tsaki wuri ɗaya, kofi guda zai zo maka da ɗaci da tsami tare, kuma babu yadda za ka gyara. Ka ƙara laushi, ɗaci ya ƙaru. Ka barza, tsami ya ƙaru. Ƙurar nan kuma ita ce take toshe ƙofofin takarda, ruwa ya tsaya cak a mazurari, tacewar minti 3 ta koma minti 5.

Shi ya sa injin nan mai wuƙa da ke juyawa kamar na markaɗe bai dace ba, komai araharsa. Sara yake yi, ba ya da hanyar daidaita girma. Wanda ake so shi ne mai haƙora biyu, ɗaya a tsaye ɗaya na juyawa, tsakaninsu da rata da kai za ka saita. Ƙwaya ba ta faɗowa sai ta kai girman ratar.

Ko a cikin masu haƙoran ma ka duba abu uku kafin ka biya. Na farko sandar tsakiya: ka kama ta ka girgiza. Idan tana rawa, ratar za ta riƙa buɗewa tana rufewa yayin niƙa, kuma matsalar ta fi muni a niƙan barza-barza, wanda shi ne ake buƙata a nan. Masu kyau suna da boris sama da ƙasa da ke riƙe sandar. Na biyu haƙoran: na ƙarfe masu kaifi suna yanka, giram 15 ba ya kai minti ɗaya, na tangaran masu araha kuwa murƙushewa suka fi yi, suna ɗaukar lokaci, suna fitar da ƙura. Na uku wurin saiti, ya zama mai ƙas-ƙas da za ka iya ƙirgawa, don ka koma inda kake jiya.

Tunda kofi ɗaya ko biyu ne, na hannu ya ishe ka, kuma nan ne kuɗi suka fi yin aiki, domin ba ka biyan kuɗin motar lantarki da wayar wuta, duk abin da ka biya yana tafiya ne a kan haƙora da boris. Matsakaitan na kamfanin Timemore ko 1Zpresso suna yin aikin da kyau. Comandante na Jamus ya fi su tsada nesa ba kusa ba, yana da kyau ƙwarai, amma a ganina tazarar da ke tsakanin mai wuƙa da matsakaicin na hannu ta fi tazarar da ke tsakanin matsakaicin da shi girma sosai. Kada kuma ka ƙara kuɗi don an ce injin yana niƙan esfireso, wato gahawa mai kauri da na'ura ke matsowa da ƙarfi. Ƙananan matakan saitin da ake biya wa kuɗi a can ba ka buƙatarsu.

Kada ka wanke haƙoran ƙarfe da ruwa, tsatsa suke yi. Buroshi busasshe ya isa. Idan gari yana mannewa a jikin injin, ka jiƙa gindin cokali ka juya ƙwayoyin da shi kafin niƙa, wannan ɗan danshin yana hana mannewar.

Uwar_Tacewa

Abin da Malam Mai_Niƙa ya faɗa haka yake. Ni mazurarin zan yi magana a kai, domin a nan aka fi ruɗin mutane da kyan gani.

Wannan hanya tun asalinta ba ta masu kuɗi ba ce. A 1908 Melitta Bentz ta birnin Dresden a Jamus ta huda gindin tukunyar tagulla, ta shimfiɗa takardar tsane tawada daga littafin makarantar ɗanta, ta tace gahawa. Har yau aikin mazurari bai wuce haka ba: ya riƙe takarda, ya bar ruwa ya fita.

Ɗauki V60 na kamfanin Hario na Japan. Sunan daga siffarsa ne, kusurwar digiri 60, da babban rami ɗaya a ƙasa da zane-zane masu murɗawa a ciki da ke hana takarda mannewa. Na roba da na tangaran da na gilashi da na ƙarfe duk wannan siffar ce. Na roba shi ne mafi araha, kuma ba ya shanye zafin ruwa kamar na tangaran, wanda in ba ka ɗumama shi sosai da ruwan zafi ba zai sanyaya maka zubin farko. Idan ya faɗi ma ba ya tarwatsewa. To, a nan mai araha bai gaza mai tsada da komai ba a baki. Ƙaraminsa mai lamba 01 na kofi ɗaya zuwa biyu ne, amma ka ɗauki 02, yana ɗaukar kaɗan da mai yawa.

Inda ya kamata ka yi lissafi shi ne takarda, domin mazurari sau ɗaya ake saye, ita kuwa kullum ce. Kofi biyu a rana, kowanne da tacewarsa, takarda 730 ke nan a shekara. Mazurarin Kalita Wave yana da gindi shimfiɗaɗɗe da ƙananan ramuka uku, yana yi wa sabon hannu afuwa saboda ramukan suna rage gudun ruwa, amma takardarsa mai lanƙwashe-lanƙwashe ta fi tsada, tana saurin lotsewa, kuma ƙarami mai lamba 155 da babba mai lamba 185 kowanne da tasa. Chemex, wanda Peter Schlumbohm ya ƙirƙiro a Amurka a 1941, kwalba ce kyakkyawa da ta haɗa mazurari da tulu, takardarsa mai kauri tana ba da gahawa garau ba maiƙo. Sai dai takardar da tsada, gilashin yana fashewa, kuma ya fi dacewa da mai haɗa wa mutum uku ko huɗu. Wanda ya saya ya tuna ya sa ɓangaren takardar mai ninki uku ta wajen bakin zubawa, in ba haka ba takardar ta lafe a hanyar iska, ruwa ya ƙi sauka.

Kafin ka zaɓi mazurari, ka tabbatar takardarsa tana samuwa cikin sauƙi a inda kake. Matatar ƙarfe da ake wankewa tana kawar da kuɗin takarda, amma tana barin mai da ɗan laka su wuce, ɗanɗanon ya yi nauyi. Wani yana son haka, wani ba ya so.

Sabon_Shiga

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, to butar fa? Na ga mai dogon wuya ta lantarki da ake saita zafi tana kusan kai kuɗin injin niƙa. Sikeli kuma ba zan iya amfani da cokali kawai ba?

Ɗan_Awo

Ɗan'uwa, bar cokali. Ƙwayar da aka gasa ta yi duhu ta fi kumbura kuma ta fi sauƙin nauyi a kan wadda aka gasa sama-sama, saboda haka cokali ɗaya ba nauyi ɗaya ba ne daga wannan jaka zuwa waccan. Kuskuren giram 1 cikin 15 kusan kashi 7 cikin 100 ne, kuma harshe yana jinsa. Sikeli mai auna har 0.1 na giram, wanda yake ɗaukar akalla kilo 2, shi ne abu mafi araha da zai sa kofin yau ya yi daidai da na gobe. Ka lura da biyu: kada ya zama mai mutuwa da kansa bayan minti ɗaya ko biyu kana tsakiyar zubi, kuma kada lambarsa ta yi nawa wajen bin ruwa, don za ka zarce kafin ya nuna. Masu tsada irin Acaia masu haɗuwa da waya suna da amfani ga mai shagon da ke haɗa kofuna da yawa. Kai agogon wayarka ya isa wajen ƙirga lokaci.

Buta kuwa abu biyu ake sayarwa a cikinta, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Dogon wuyan yana ba ka siririn ruwa da za ka sauke inda kake so. Da V60 wannan yana da muhimmanci, domin raminsa babba ne, hannunka ne yake sarrafa gudun ruwa. Buta mai faɗin baki tana kwararo ruwa ya haƙa rami a tsakiyar garin, ko ya bi gefen takarda ya wuce bai taɓa komai ba, sai ka sha abu lami. Saita zafi kuwa jin daɗi ne kawai. Ana son ruwa tsakanin digiri 90 da 96. Gahawa mai gashi sama-sama tana ɗaukar ruwan da ya tafasa yanzu-yanzu, mai duhu kuma ka sauke ka bar shi minti ɗaya ko biyu da murfi a buɗe. Mai dogon wuya ta ɗorawa a wuta, ko ƙaramar butar zubi da za ka juye tafasasshen ruwa a ciki bayan ka ɗumama ta, ta wadatar.

Ga awon da za ka fara da shi. Gahawa giram 15, ruwa giram 250, niƙa kamar yashi mai ɗan kaushi. Ka ninke ɗinkin takardar, ka wanke ta da ruwan zafi, ka zubar da ruwan. Zuba gari, ka daidaita samansa, ka mayar da sikeli sifili. Zubin farko giram 40 zuwa 45, ka tabbatar ko'ina ya jiƙe. Za ka ga garin ya kumbura yana fitar da ƙananan kumfa, iskar da gashi ya bari a ciki ce take fita, kuma in ba ta fita ba tana korar ruwa. Jira sakan 30 zuwa 45. Sai ka zuba a kewaye daga tsakiya zuwa waje har 150, ka ɗan dakata ruwan ya sauka, ka cika 250. Ka ɗan kaɗa mazurarin sau ɗaya don garin ya kwanta daidai. Duka ya ƙare tsakanin minti 2 da rabi zuwa 3 da rabi. Abin da zai sauka kofi kusan giram 220 ne, garin yana riƙe ruwa kamar ninki biyu na nauyinsa.

Idan ya zo da tsami kuma ruwa-ruwa, ƙara laushi mataki ɗaya ko biyu. Idan ɗaci da bauri ne, har harshe yana bushewa, ka barza. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji.

Mai_Lissafi

Ni da ɗan bambanci da Ɗan_Awo a kan buta. Malam Sabon_Shiga zai iya tsallake ta gaba ɗaya idan ya zaɓi mazurari irin Clever. Yana da marufi a gindi, ruwa ba ya fita sai an ɗora shi a kan kofi. Ka zuba ruwa daga kowace irin buta, ka zuba gari, ka juya, ka jira kamar minti 2 zuwa 3, ka ɗora ya tsiyaye. Takardarsa irin ta kamfanin Melitta ce mai lamba 4, wadda ta fi yawancin takardu sauƙin samu. In ka fara zuba ruwan kafin garin, ya fi saurin sauka, don ƙura ba ta riga ta toshe takardar ba. Kuɗin butar sai su koma kan injin niƙa. Illarsa, gahawar ba ta fitowa da kaifin ɗanɗano kamar ta V60 a hannun gwani, kuma robar marufin tana son wanki, in an bar maiƙo ya taru tana fara yoyo.

Abin da ba a ambata ba tukuna shi ne gahawar kanta. Giram 30 a rana kusan kilo 11 ne a shekara, kuma nan ne mafi yawan kuɗinka za su tafi, ba kan kaya ba. Jakar giram 250 kofi 16 ce, kwana 8 a wajenka, saboda haka kada ka sayi kilo guda don ragi sai in za ka kasa shi a ƙananan ledoji marasa iska ka sa a firiza. Ka nemi jakar da aka rubuta ranar gashi, ba ranar lalacewa kaɗai ba. Ka bar ta ta huta kamar mako ɗaya bayan gashi, ka shanye cikin wata guda ko ɗan fiye. Idan ka jiƙa garin bai kumbura ba sam, alama ce ta tsufa.

Sai ruwa. Fiye da kashi 98 cikin 100 na abin da ke kofinka ruwa ne. Mai warin sinadarin kilorin yana ɓata ɗanɗano, kuma matata mai gawayi tana cire shi. Ruwa mai nauyi, wanda ke barin farin ɓawo a gindin buta, yana danne tsamin 'ya'yan itace mai daɗi da aka sayi gahawar dominsa. Wanda aka tace ba ma'adini ko kaɗan shi ma salam yake fitarwa. Kafin ka zargi injin ko mazurari, ka haɗa kofi biyu da awo ɗaya, ɗaya da ruwan famfo, ɗaya da ruwan gora mai ƙarancin ma'adini, ka ɗanɗana su bayan sun ɗan huce.

Idan nan gaba hannu ya gaji ka koma injin lantarki, ka tambaya ko ana sayar da haƙora da ƙananan giyoyinsa daban. Baratza Encore an san shi da wannan, ana kwance shi a canza abin da ya ci. Wanda aka liƙe ba ya buɗuwa, ranar da ɗan dutse ya shigo cikin ƙwaya ya karya giya ɗaya ta roba, duk injin ne ya tafi.