Shin ya dace a yi zambo ga siyasar "mu aka fi zalunta"?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Na lura masu barkwanci da masu zanen zambo a Amurka sun mayar da siyasar launin fata abin dariya, suna nuna yadda kowace al'umma, baƙaƙe da farare da sauransu, take rige-rigen cewa ita aka fi zalunta. Shin wannan zambon gyara yake kawowa, ko kuwa toshe bakin wanda aka cuta da gaske yake yi?

Ɗalibin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ni ina tsoron irin wannan dariyar. Sunan Jim Crow da aka laƙaba wa dokokin wariya a kudancin Amurka ya samo asali ne daga wasan wani farar fata da yake shafa baƙi a fuska yana kwaikwayon baƙaƙe, tun wajajen 1830. An haramta bauta a 1865, amma sai a 1964 doka ta hana wariya a wuraren jama'a da wajen ɗaukar aiki, kuma har yau akwai masu rai cikin waɗanda aka hana zama aji ɗaya da farare. Duk wanda ya kira kukansu wasan kwaikwayo ya ƙara musu ciwo.

Malamar Makaranta:
Malam, ban musa ko ɗaya ba, sai dai ka bar rabin zancen. Kukan zalunci ma yakan zama jari a hannun ɗan siyasa, domin al'ummar da aka shawo kanta cewa kowa maƙiyinta ne ba ta ƙara tambayar shugabanninta abin da suka yi mata. A Ruwanda, kafin kisan ƙare dangin 1994, jaridar Kangura da rediyon RTLM sun yi ta cusa wa 'yan ƙabilar Hutu cewa 'yan ƙabilar Tutsi na shirin murƙushe su, har mutane suka ɗauki adda suna ganin kare kansu suke yi. Mai cinikin irin wannan tsoron ya cancanci zambo, kuma ba na ganin dalilin raga masa saboda launin fatarsa.

Ɗalibin Tarihi:
Na yarda, Malama, muddin mai cinikin aka nufa. Abin da nake yawan gani shi ne ana barin shi, ana kwaikwayon lafazi da kamannin talakan da yake bin sa.

Mai Neman Sani:
Na gode muku. To idan mai zambon ya ce shugabannin yake nufi, amma masu sauraronsa al'ummar gaba ɗaya suke yi wa dariya, laifin yana wuyan wa?