Shawarwarin da masu kaji suka tsayar kan tsafta a kasuwa

A zaman da masu sayar da kaji da masu figa suka yi da wani likitan dabbobi, inda aka fi jan magana shi ne ruwan figa. Tun safe ake ɗora tukunya ɗaya, a yi ta tsoma kaza bayan kaza har ruwan ya yi baƙi, ga kashi ga jini. Likitan ya ce ta nan ƙwayoyin cuta irin su salmonela ke tsallakawa daga wannan kaza zuwa waccan. Masu figa suka ce ai itace da ruwa duk kuɗi ne, kuma sun faɗi gaskiya. A ƙarshe dai aka yarda a riƙa sauya ruwan, a kuma ɗauraye kaza da ruwa mai tsafta bayan an fige ta.

Kayan ciki da gashi a zuba a bokiti mai murfi, ba lambatu ba. Wuƙa da katakon yanka a wanke da sabulu, hannu ma haka.

Maganar kazar da ta fara sanyi ce ta sa wasu sunkuyar da kai, don an san ana hanzarta yanka ta a sayar da araha. Likitan ya tuna musu murar tsuntsaye da ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006. Ya ce idan kaji suka fara mutuwa da yawa, a kira ma'aikatan dabbobi, a binne gawar. Agwagi kuma a ware musu keji daban, domin sukan ɗauki murar ba tare da alama ba.