Ta yaya zan ba ɗana gida ba tare da ya sayar ba?

Assalamu alaikum malamai da lauyoyi. Ina da gidan haya a Kano da nake son bai wa babban ɗana, amma bashi ya yi masa katutu, kuma na san ranar da takardu suka shiga hannunsa dillalai za su zo. Lauya ya ce in damƙa gidan ga amintattu, su riƙa ba shi kuɗin haya kawai. Liman kuwa ya ce a Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu, gado take komawa, kuma ba wasiyya ga magaji. To, karɓar amintattun tana zama karɓarsa? Ko hubusi (wato wakafi, a riƙa cin amfanin gidan ba tare da an sayar ba) zan yi wa 'ya'yan duka, maza da mata, don kada ƙannensa su kai ƙara kotun shari'a bayan raina?