Yaya ake jera matasan hokin ƙanƙara kafin zaɓen NHL?

Daga Agege: Assalamu alaikum. Ina bin wasan hokin ƙanƙara a waya cikin dare bayan na rufe shago, amma har yanzu ban gane ma'aunin da ake jera matasa da shi kafin ƙungiyoyi 32 na NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, su zaɓa ba. Yawan ƙwallaye ne kawai?

Daga Idi-Araba: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙwallaye suna da nauyi, domin Connor Bedard ya ci 71 a wasa 57 kafin Chicago ta ɗauke shi na farko a 2023. Sai dai masu sa ido suna duba saurin gudu da kaifin tunani, shi ya sa Matthew Schaefer, ɗan baya wanda rashin lafiya da karaya suka taƙaita kakarsa zuwa wasa 17, ya zo na ɗaya a 2025.

Daga Obalende: Abin da ke damuna, 'yan uwa, shi ne gwada yaron da ke karawa da manya a Turai da wanda ke wasa da tsaransa a Kanada. Nikita Kucherov, ɗan Rasha, sai a lamba ta 58 aka ɗauke shi a 2011, kuma ya zama gwarzon gasar NHL a 2019.