Muhawara: A kashe Defender gaba ɗaya ko a gyara masa zama?

Nasiru: Assalamu alaikum jama'a. Ra'ayina shi ne, kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi gara a kashe mata Microsoft Defender, antibayiros ɗin da ke zuwa tare da Windows, gaba ɗaya. Ku buɗe Task Manager a na'ura mai RAM 4GB da faifan HDD, za ku ga Antimalware Service Executable, wato aikin Defender, ya riƙe faifan a 100% na tsawon mintuna bayan an kunna ta. Wanda ya san abin da yake saukewa ba ya buƙatar wannan nauyin.

Hauwa: Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Nauyin gaskiya ne, amma maganar "gaba ɗaya" ba ta da sauƙi yadda ake zato. Idan ka shiga Windows Security, Virus & threat protection, Manage settings, ka kashe Real-time protection, wato binciken nan-take, na ɗan lokaci ne kawai. Da kansa zai dawo, ko da zarar ka sake kunna na'urar. Tsohuwar dabarar nan ta Registry (ma'ajiyar saitunan Windows), DisableAntiSpyware, tun 2020 Windows 10 ta daina sauraronta a kwamfutocin gida. Gpedit.msc kuma, editan dokokin Windows da ake kashe shi ta cikinsa, babu shi a bugun Home.

Nasiru: Ai a bugun Pro akwai shi, Injiniya.

Hauwa: Akwai, amma Tamper Protection da ya zo da bugun 1903 a 2019 yana watsi da canjin muddin yana kunne. Sai ka fara kashe shi da hannunka. To, an yi shi ne don ya hana ƙwayar cuta kashe kariya a ɓoye, ka ga kai ka yi mata aikin ke nan.

Kabiru: Ni abin da ya fi damuna ba sauri ba ne. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin masu neman kashe shi, manhajar da aka fasa suke son sakawa, takardar da ke cikin jakar ta ce "a kashe antibayiros kafin a fara". Ta wannan ƙofar ƙwayar cutar neman fansa STOP/Djvu ya yi ta shiga tun 2018. Ya kulle hotuna da takardu, ya liƙa wa sunan kowane fayil wutsiya, galibi mai haruffa huɗu, ya ajiye _readme.txt yana neman kuɗin fansa. Irin su RedLine da Lumma kuwa ba sa nuna alama ko kaɗan. Cikin daƙiƙu suke kwashe kalmomin sirrin da burauza ta adana da kukis ɗin shiga asusu. Ka mayar da kariyar bayan minti biyar, an riga an yi ɓarnar.

Nasiru: Na yarda da wannan, Yaya Kabiru. Amma masu rubuta manhaja fa? Kowane haɗa manhaja (build) yana haifar da dubban ƙananan fayiloli, Defender na tsayawa ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Wani lokacin ma ya kama abin da mutum ya rubuta da kansa ya jefa a Quarantine, inda yake killace fayilolin da yake zargi.

Hauwa: Nan kam kana da hujja, kuma maganinsa na nan. Da farko a gano abin da ke cin lokacin. A buɗe PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows, a matsayin Administrator, a rubuta New-MpPerformanceRecording tare da inda za a adana rikodin, a yi aikin da ke nauyi, a tsayar, sannan Get-MpPerformanceReport ya nuna fayiloli da manhajojin da aka fi dubawa. Jakar da suke ciki kaɗai za a sa a Exclusions, jerin wuraren da Defender ba zai duba ba. Kada a sa C: ɗungurungum, kada a sa Downloads ko Temp, domin nan ne mugun fayil ke fara sauka. A Windows 11 kuma akwai Dev Drive, sashen faifai na masu rubuta manhaja, yana buƙatar aƙalla 50GB, inda ake jinkirta duba fayil har sai an buɗe shi, aiki bai tsaya jira ba.

Kabiru: Ƙari a kai, binciken da aka tsara wa lokaci yana da iyakar CPU, asalinta 50%. Set-MpPreference -ScanAvgCPULoadFactor 20 zai rage ta. Sai dai a sani, wannan bai shafi binciken nan-take ba. Kuma a na'urar da ka kwatanta, faifan ne ya gaza. A sauya shi da SSD, yawancin jiran nan zai tafi ba a taɓa kariya ba.

Bilkisu: Tambaya, don Allah. Idan mutum ya saka wani antibayiros daban, sai ya kashe Defender tukuna?

Kabiru: A'a, Malama. Da sabon ya yi rajista da Windows Security, Defender zai ja da baya da kansa. Ranar da aka cire wancan, ya dawo bakin aiki. Kada dai a tilasta biyun su yi gadi lokaci guda, suna rigima a kan fayil ɗaya ne, na'ura ta ƙara nauyi.

Nasiru: Har yanzu ina nan kan cewa na'urar da ba ta hawa intanet, wadda aka keɓe wa injin aiki guda, ba ta da buƙatarsa.

Hauwa: Idan har ba a soka mata filashi. In ana sokawa, ta nan cutar za ta shiga. Fayil ɗin da ya kama bisa kuskure kuma, a duba Protection history, a tura shi VirusTotal, shafin da ke duba fayil da antibayiros da yawa, idan ba na sirri ba ne, in ya fito da tsabta a danna Restore, a ƙyale shi shi kaɗai.