Neman shawara: in saka hotunan kufan garinmu ko in riƙe su?

Ɗan Adar: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nika so. Ni ɗalibi na nan Yamai, jiyogarafi nika karantawa, ina shirin memuwar, wato kundin kammala karatu. Wata ukku ke nan ina duban yankinmu na Tawa bisa Google Earth sai na gano wani kufai kan tudu kusa da garin kakannina na wajen uwa, da tsibin duwatsu zagaye-zagaye irin kushewun mutanen da. Da na koma ga hotunan shekarun baya na gwada da na yanzu sai ga ramu sababbi waɗanda babu su da can. Lokacin hutu na tahi da ƙafata, tsingaro ko'ina, an tone kushewa biyu an watsar da duwatsun. Abokina ya ce in zuba hotunan da lambobin GPS ga Facebook duniya ta gani, ni kau gabana faɗuwa shikai. Ko mai gari ban gaya ma ba tukun. Mi kuka gani?

Na Talladje: Wa alaikumus salam. Saka kawai abokina. Tsohon birnin Afamiya na Siriya hoton tauraron ɗan adam na 2011 da na 2012 anka jera, sannan mutane sunka ga ramu dubbai na masu tonon sata, ƙasa kamar mai zanzana. In kowa ya yi shiru wa za ya sani?

Mushe mai ritaya: Ɗana, sannu da ƙoƙari, amma kar ka biye ma wanga yaro. Bari in tuna maka Bura, can wajen Tera cikin jahar Tillaberi. An gano wurin 1975, a 1983 Bube Gado na IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, ya yi tono na ilimi, ya samu tulunan bizne gawa sama da 600 wuri guda, har da mutum-mutumin nan na mahayin doki. Munka yi murna, anka kai kaya Paris wajen babban nunin kayan tarihin kwarin Kwara na 1993. To daga nan 'yan kasuwar kayan tarihi na Turai sunka san darajarsu, sai tonon dare ya tashi, ƙauye bayan ƙauye, ana fasa tulu goma don a samu kai guda mai kyau. A 2000 sai da ICOM, ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ta sa kayan Bura cikin jan lissafinta na kayan Afirka da ake sacewa. Kuma wancan lokaci babu mai portabul da za ya bi lamba har bakin rami fa. Kai yanzu kana so ka nuna ma kura hanyar garke. Tulun da anka fidda daga ƙasa ba a rubuta zurfinshi ba, ba a san mi ke kusa da shi ba, ya zama kayan ado, tarihinshi ya tahi.

Inna Hajiya: Ni abin da ya tsaya mini ba ɓarayi ba ne. Ɗan nan, ka leƙa kushewun mutane daga sama wata ukku, tauraro ba ya sallama, amma kai ai ka san sallama. Ko ba musulmi ne ke kwance nan ba, mutane ne, wataƙila ma tsofaffin garin sun san ko su wa ne kuma da dalilin da ya sa ba su noma wurin. Sannan ka tambayi kanka su wa ke tonon? In samarin garin ne da ke bin zinariya da na'urar nan mai kuka in ta ji ƙarfe, tun da haƙar zinariyar Jado ta ɓarke 2014 ai kowa ya iya, to hotonka na iya jawo jandarmomi kan 'yan uwanka, kai kana Yamai kwance.

Ɗan Adar: Inna wallahi ban yi tunanin wannan ba.

Mai taswira: Ta fannin aiki. Akwai doka 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 kan kayan tarihi, tono babu izini laifi ne, ko kai kar ka kwashi tsingaro ka sa aljihu. Ka kai bayanin IRSH ko gidan tarihi na Bubu Hama, lambobin ka ba su hannu da hannu. Cikin memuwar sa taswira mai faɗi ta yankin kawai, don memuwar ma na yawo ta WhatsApp. Hoton portabul kuma sau da yawa yana ɗauke da GPS ɗin wurin a cikinshi, ka kashe kafin ka ɗauka. Kuma don Allah kar ka yi gangancin tada dron babu takarda, ka san halin da ake ciki na tsaro. Wani abu, hoton sama siffa kawai yake nunawa, ba ya gaya maka shekarun wuri, tsibin dutse na iya zama na manomi da ya share gona.

Na Talladje: To in ya kai takarda ta kwana cikin diruwa shekara biyu ana ta tono fa? Raƙuman dawan da anka sassaƙa kan dutse a Dabus duniya duka ta san su, babban ya fi mita 5, ga kwafinsu filin jirgin Agadas, ba su ɓace ba.

Mushe mai ritaya: Dabus akwai Abzinawan wurin da ke gadi suna karɓar baƙi. Kufan Ɗan Adar wa ka gadinshi?

Ɗan Adar: Na gode ƙwarai. Facebook na aje shi tukun. Sai dai ta ina zan faro ma mai gari, ina tsoron ya ɗauka ƙarar yaranshi na kai.

Inna Hajiya: Kar ka je kai kaɗai. Kawunka ya shige gaba, ka riƙa goro, ka fara da tambayar tarihin tudun, kwamfutar ka bar ta cikin jaka sai sun nemi gani.