Abin da aka tattaro daga ra'ayoyin mutane kan yadda ake shigar da ƙara da bibiyarta a Babbar Kotun Tarayya, Kano

1. Kowa ya yarda: ka biya kuɗin shigar da ƙara ta Remita (hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet), ka adana rasit kamar ranka.

2. Sammaci shi ne ƙashin bayan magana. In bai isa hannun wanda ake ƙara ba, alƙali zai ɗage zama kawai. Wanda ya karɓa yana da kwana 30 ya amsa.

3. Ka isa Gyaɗi-Gyaɗi, unguwar da kotun take, kafin ƙarfe 9, ka duba jerin ƙararrakin ranar, ka nemi lambar ƙararka.

4. Nan aka rabu: wasu sun ce lauya ya wadatar, wasu sun ce mai ƙara ya riƙa leƙa ofishin magatakardar kotu da kansa, musamman dab da hutun kotu na Agusta. Ni ina tare da na biyun.